Ruwan Zafin Glenys Treloar

Neville Treloar ya yi shekara arba'in da uku yana aikin famfo da gas a Mackay, garin rake da zafi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kiransa sau biyu a kan ɗiga ɗaya ba. Shi ya faɗa, amma ba a samu wanda ya ƙaryata shi ba. Gajere ne mai kaurin wuya, yatsunsa kamar da gatari aka sassaƙa su, Allah kuma ya ba shi kunnen da ke jin ɗigar ruwa ta bayan bango biyu. In ya je cin abinci gidan mutane, ana tsakiyar hira sai a ga ya yi shiru ya karkata kai, can sai ya miƙe ya nufi banɗaki da sifana a aljihun baya. Ranar da aka binne ƙanin matarsa, mutane suna falo suna shan shayi suna yabon mamaci, shi yana kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanken gidan, ƙafafunsa kaɗai ake gani cikin baƙin takalmin jana'iza. Matar mamacin ta yi masa godiya. Ba ta sake gayyatarsa ba.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ruwan da ya fita ta inda ba a buɗe masa ba, laifin wani ne. Ta biyu, ba a kwana da wutar gas a kunne. Ta biyun tana da dalili. Yana saurayi a sana'ar aka kira shi ya buɗe wata mota mai ɗaki da mutum uku suka kwana a ciki da wuta a kunne, ya ga abin da ya gani. Bai taɓa ba kowa labarin ba sai matarsa, ita ma sau ɗaya. Duk dokokin nan biyu gaskiya ne, a Mackay.

Matar tasa, Glenys, ba 'yar can ba ce. A kan duwatsu aka haife ta, a tsohon garin Adaminaby, wanda aka tashe shi tana 'yar shekara bakwai don ruwan madatsa ya zauna a wurinsa. Ubanta ya kwashi iyalinsa ya yi arewa saran rake, ita kuma ta girma ta yi shekara talatin tana yanka burodi a kantin wata makarantar firamare. Tana zaɓar magana kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa, abin da ya sa Neville ya ɗauka duk abin da ya faɗa ta yarda da shi. 'Yarsu ɗaya ce, Rhonda, ma'aikaciyar gwamnati a Canberra. Ta gaji kunnen ubanta, sai dai ita ƙarya take ji ta bayan bango.

Da Neville ya ajiye aiki, sai suka yi abin da sa'o'insu ke yi: suka sayar da gida suka sayi mota mai ɗaki, da gado da kicin da ɗan banɗaki wanda mutum ba ya iya sunkuyawa a ciki sai ya buɗe ƙofa. Shekara biyu suna bin gaɓar teku tare da sauran masu furfura, suna tsayawa inda suka tsaya, suna ɗaukar hoton abin da suka ɗauka. Neville ya gyara famfunan rabin gaɓar ba tare da an roƙe shi ba. A shekara ta uku amosanin gaɓɓai ya kama Glenys. Da safe hannuwanta sukan tashi a dunƙule kamar ta riƙe wani abu cikin barci ta ƙi saki, ƙugunta kuma ba ya lanƙwasuwa. Ba sa sakewa sai ta yi kwata ɗin awa ruwan zafi yana zuba a kansu. Likita ya ba da ƙwayoyi kala uku, ya ce kada ta rabu da ɗumi.

A lokacin ne ta ce tana so ta yi sanyi ɗaya a bakin tafkin da ya ci garinsu. Ba ta taɓa neman wani abu a wurinsa ba tun labulen kicin na shekarar da aka haifi Rhonda, don haka bai san yadda ake hana ta ba. A watan Mayu, farkon sanyi a ƙasar, lokacin da duk wani tsoho mai mota mai ɗaki ya juya kanta arewa yana gudun sanyi, Neville ya juya tasa kudu ya hau dutse. Waɗanda suke saukowa suna ɗaga masa hannu, yana ɗauka gaisuwa ce.

Rhonda ta same su a hanya, a wani gidan mai kusa da Cooma, ta faɗi sharaɗinta a tsaye. Gidanta yana da ɗakin baƙi ɗaya da ƙaramin gado ɗaya. Ta kuma riga ta sa sunan uwarta a jerin masu jiran wuri a wani gidan tsofaffi da ke unguwarsu. Babu wanda ya yi maganar inda Neville zai kwana a cikin wannan tsarin, don babu.

"Baba, ni ban hana ku ba," in ji ta. "Amma duk sati biyu zan zo. Ranar da na buɗe famfon nan ya ba ni ruwan sanyi, ranar Mama za ta bi ni."

"Mai aikin famfo kike yi wa gargaɗi a kan ruwan zafi?"

"Kai nake yi wa."

Wurin da suka sauka sansanin masu kamun kifi ne a kan wani tudu da ke kallon tafkin, na wata mata mai suna Ilona Szabo, wadda ubanta ya zo daga Hungary haƙa ramukan madatsa ya mutu da ƙurarsu a ƙirji. Da sanyi ba kowa a wurin. Ilona ta ba su wurin ajiye mota kyauta, shi kuma ya yi gadin kwale-kwalen mutane har ƙarshen Satumba. Ita a cikin gari take, takan zo Talata da Juma'a da tukunyar gas a bayan motarta. Banɗakunan sansanin duk ta zuƙe musu ruwa ta bar famfunan a buɗe, famfo ɗaya tak ta bari da rai, a jikin rumbun ajiya can gangare, an naɗe shi da tsohon bargo. Ranar farko Neville ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya rufe su tamau, yana girgiza kai a kan sakacin mata. Ranar Juma'a Ilona ta bi ta buɗe su.

Hitar motar, mai ɗumama ruwan wanka, wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin gado, da tukunya mai cin lita goma a cikinsa. A gaɓar teku ba ta taɓa yi masa gardama ba. A kan dutse kuwa tun safiyar farko ta nuna hali. Ya kunna, ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta kama, ta yi fuf, ta mutu. Sau uku. Da ta kama, harshen wutar rawaya ne, yana lilo kamar na aci-balbal, ga kunkunniya tana taruwa a bakin bututun hayaƙi. A nan fa Neville ya nuna cewa ba a banza ya yi furfura ba. Ya gane iskar saman dutse ba ta da kauri, gas ɗin ya fi ƙarfin numfashin da wutar ke samu. Ya kwance akwatin, ya wanke bakin wutar, ya ƙara buɗe mata hanyar iska, ya yanka gwangwanin biskit ya yi wa bututun hayaƙin 'yar rumfa saboda iska da dusar ƙanƙara. Kafin azahar wutar ta koma shuɗiya, tana tsaye cak kamar soja. Tun daga ranar, ƙarfe bakwai Glenys tana ƙarƙashin ruwan zafi, bakwai da kwata tana riƙe kofin shayi da hannunta. Sannan ya kai ta bakin tudu ya ajiye mata kujerar lilo, ta zauna cikin barguna tana kallon ruwan da ke kan gidansu. Ba ta kuka, ba ta kuma ba da labari. Ya tambaye ta sau ɗaya me take gani, ta ce ruwa.

Wannan nasara ta wutar ita ce ta cuce shi. Da ya sha wahala da ita, wataƙila da ya ji tsoron dutsen.

A satin farko na Yuni ya tashi ya buɗe famfo, iska kawai ta fito. Ya fita, ya ga ƙanƙara shimfiɗe a ƙarƙashin motar kamar faranti. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin gado da tocila, ya ga wani ɗan bawul mai shuɗin kai kusa da hitar, kan nasa ya yi tsalle ya fito. Bawul ɗin ya zubar da ruwan tukunyar kaf, injin tura ruwa kuma ya biyo masa da rabin na babban tanki. Neville ya danna kan, ya ƙi zama. Sai da ya kunna wutar ɗumama ɗaki wurin ya yi ɗumi sannan ya yarda ya rufu. Daga nan ya ɗauki bokiti biyu ya gangara rumbun ajiya, taku tamanin a kan ƙasa mai santsi, ya hauro, ya koma, ya hauro. Glenys ba ta shiga wanka ba sai tara da rabi. Awa biyu da rabi tana zaune a bakin gado da hannuwa a dunƙule a cinya, tana kallon bango.

Kwana uku a jere haka. Ranar Juma'a ya tare Ilona tun kafin ta kashe mota, ya gaya mata an sayar masa da bawul ɗin banza. Ta leƙa ta gani, ta miƙe tana kaɗe gwiwa.

"Ba lalacewa ya yi ba, tsoho. Aikinsa ke nan. In sanyi ya kusa daskarar da ruwa sai ya buɗe ya zubar, don kada tukunyar ta fashe. Ko ka bar wutar ƙasa-ƙasa ta kwana, ko ka haƙura da jidon ruwa. Ba na uku."

Ya ce ba a kwana da gas a kunne. Ta ce irin wannan hitar a waje take shaƙa a waje take fitarwa, hayaƙinta ba ya shiga ɗaki. Ya ce waɗanda ya taɓa fitarwa a kan makara ma haka aka gaya musu. Ta ce to ga littafin hitar ya karanta, ya ce littafin yana ƙarƙashin ƙafar tebur yana aikin da ya fi dacewa da shi.

"Abin da aka ƙera don ya zubar da ruwa," in ji shi, "a garinmu huji ake ce masa."

"A garinku a cikin kofi kawai kuka san ƙanƙara."

Da yamma ya buɗe kwandon wankin Glenys ya ɗauko maƙalin shanya guda, irin ɗan itacen nan mai baki biyu da ake kama tufa da shi a igiya. Ya danna shuɗin kan, ya maƙale shi. Maƙalin ya zauna daram kamar don shi aka yi. Kada a ce girman kai ne kawai, ko da yake akwai shi da yawa. Ya ga hannuwan nan a dunƙule har tara da rabi, kuma shi mutum ne da bai iya nuna tausayi ba sai da kayan aiki.

Abin haushi, dabarar ta ci. Mutum biyu suna numfashi a ciki, ga ɗumin yini da bai gama fita ba, ruwan tukunyar yakan kai safe da sanyi ƙarara amma bai daskare ba. Ƙarfe bakwai ta dawo ƙarfe bakwai. Rhonda ta zo ranar Lahadi, ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce wurin wanke-wanke ta buɗe famfo ta tara hannu, ta janye da sauri. Neville yana tsaye a bayanta ya harɗe hannuwa yana kallon rufi kamar wanda abin bai shafe shi ba.

Glenys ta ga maƙalin ne ranar da ta sunkuya neman silifas. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce mahaifiyarta, a tsohon garin, takan bar famfon kicin yana ɗiga duk lokacin sanyi, da kwano a ƙasa, kuma kowane gida haka ake yi. Ta ce tana iya tuna ƙarar.

"Shi ya sa ruwa ya ci garin naku," in ji Neville. "Kowa ya bar famfonsa yana ɗiga, ai dole."

Ba ta yi dariya ba. Shi kuwa ya ga maganar ta yi daɗi har ya maimaita wa Ilona, ita ma ba ta yi ba. Ya yanke cewa mutanen dutse ba su san raha ba. Bayan kwana goma rediyo ya ce sanyi mai tsanani yana tafe daga kudu, Glenys ta ce masa ya cire abin nan. Ya ce ya ji.

A tsakiyar Yuli ranar ganin likitanta ta zo, a Cooma. Motarsu tana kan katakai an daidaita ta, ba ta kuma da sarƙar taya ta bin ƙanƙara, don haka Ilona ce za ta kai su ta dawo da su kafin la'asar. Glenys tana cikin motar Ilona, an rufa mata bargo, ta sauke gilashi ta ce, "Nev, ka cire abin nan. Ba kowa a ciki yau."

Ya koma ciki. Ya durƙusa, ya haska, ya ga maƙalin. Ya yi lissafi irin na mai hankali: in ya cire, kafin rana ta yi tsaka bawul ɗin ya buɗe, su dawo da yamma ba ruwa, ita ta sha jijjigar hanya ƙugunta ya ƙage, shi kuma yana gangare da bokiti. Awa shida ce kawai. Ya kashe tocilar, ya kulle ƙofa. Ta tambaye shi da ido, ya ce, "An gama." Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa bai faɗi abin da aka gama ba.

Suna asibiti dusar ƙanƙara ta sauko. Kafin su fito an rufe hanyar dutse. Suka kwana biyu a wani masauki a Cooma, Ilona ta tafi gidan 'yar'uwarta. Rediyo ya ce a wajen tafki sanyi ya kai digiri goma sha uku ƙasa da sifiri. Glenys ta yi wanka sau uku a rana a masaukin, ta ci abinci sosai. Neville ya yi ta juya naman rago a faranti. Ya san ruwa yana kumbura in ya daskare. Ya taɓa rubuta haka a takardar jarrabawa yana ɗan shekara goma sha tara, an kuma ba shi maki.

Da suka koma, komai yana nan yadda suka bar shi. Maƙalin yana riƙe da bawul ɗin da amana. Ya kunna wutar ɗumama ɗaki, ya ɗora shayi, har ya fara jin kunyar tsoron da ya ji. Bayan awa guda ya ji ɗiga. Ya ci gaba da zama, kofi a hannu. Ɗigar ta zama tsiyaya, sannan ruwa ya fito daga ƙarƙashin gado a hankali, ya bi ƙasan motar ya kewaye ƙafar tebur. Tukunyar ta tsage a kan ɗinkin waldarta, tsawon ɗan yatsa. Glenys ta ɗaga ƙafafunta, ta ce ya ɗauke mata silifas daga ƙasa. 

Ya buga wa kamfanin hitar waya a Melbourne. Suka ce irin tukunyar daga ƙasar waje take zuwa, sati shida in an yi sa'a, kuma ba shi kaɗai ba ne a wannan watan. Rhonda za ta zo nan da kwana tara.

Kwana taran nan butar shayi ce ta yi aikin hita. Buta huɗu ke cika baho, kafin ta huɗu ta tafasa ta farko ta huce, ga ruwan saman dutse da ke tafasa tun bai yi zafin kirki ba. Glenys takan zauna a kan kujerar roba ta tsoma hannuwa a baho, shi yana zuba mata sauran a baya da kofi, sanyi yana bin inda ruwan ya wuce. Katakon ƙasan motar ya sha ruwa ya ƙi bushewa, katifa ta ɗauki wari, tagogi suna zufa. A kwana na huɗu ta fara tari. Ba ta sake cewa a kai ta bakin tudu ba.

Neville kuwa ya samu aikin yi. Ya ɗauko jarka mai lita biyar, ya naɗe ta da rigar sanyi da bargo, ya ɓoye ta a kabad ɗin da ke saman wurin wanke-wanke. Ya ja siririn tiyo ta bayan katako, ya haɗa shi da famfon ruwan zafi ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Yini biyu ya yi a kai. A duk shekarunsa arba'in da uku bai taɓa yin haɗi mai tsafta irin wannan ba. Ya gwada, ruwan zafi ya zubo kamar daga hita. Ya juyo yana murmushi, ya ce wa Glenys abin da kawai ake bukata shi ne ta yi shiru, wanda ai ba sabon abu ba ne a wurinta. Ta dube shi, ta ci gaba da ninke wani abu a cinyarta.

Rhonda takan buga waya in ta baro babban titi, don daga nan babu sabis. Wannan ya ba shi kwata ɗin awa. Ya cika jarkar da buta uku, ya rufe kabad, ya goge tururin da ke jikin ƙofarsa. Ta shigo ta wuce wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo, ta tara hannu. Ta daɗe fiye da kullum. Neville yana ƙirga litocin a zuci. Ta rufe.

"To, Baba. Na yarda."

Ta shaƙi iska ta tambayi warin mene ne, ya ce takalmansa ne suka jiƙe. Ta tambayi tarin uwarta, ya ce kowa a gari yana yi. Suka sha miyar kabewa da gasasshen burodi, ya ba ta labarin wani kwale-kwale da iska ta kifar, ya ba da shi da daɗi, har ta yi dariya. Ƙarfe uku ta ɗauki makullinta. Ya riga ya fara tunanin yadda zai ƙara girman jarkar kafin zuwa na gaba.

"Rhonda," in ji Glenys, "jakata tana ƙarƙashin kujerar gaba. Ɗauko min."

Da waɗannan hannuwan ta haɗa ta, tufa ɗaya bayan ɗaya, a yini biyun da ya cusa kai a cikin kabad.

"Glen, ai ruwan ya zo," in ji shi.

"Ya zo, Nev. Lita biyar."

Rhonda ta dubi uwarta, ta dubi famfon, ta ɗaga kai ta buɗe kabad. Ta ga jarkar cikin rigar sanyin ubanta. Ta bi tiyon da yatsa har inda ya shige bayan katako. Ya so ta yi masa ihu, don ihu ya san yadda ake amsa shi. Ba ta yi ba. Ta ce aikin ya yi kyau, ta rufe kabad ɗin, ta fita ɗauko jaka.

Ya fara bayani. Ya ce sati biyar ne suka rage, ya ce zai sayi babbar tukunya ya riƙa ɗorawa a kan murhu, ya ce don ita ya bar maƙalin, ta san don ita ne. Glenys ta bari ya gama.

"Na sani," in ji ta. "Da fashewa kawai ta yi, da na zauna. Tukunya ce. Amma ka tsaya a bakin ƙofar nan ka dube ni ka ce an gama."

Shi ya riƙe mata hannu ta sauka daga matakalar motar, don Rhonda ba ta san ƙafar da ake fara saukewa ba. Ya gyara mata bel a motar Rhonda. Ya gaya wa Rhonda ƙwayar da ake sha kafin abinci da wadda ake sha bayan, ta ce a rubuce suke a jikin kwalin. Motar ta gangara, ta bi bakin tafki. Glenys tana gefen da ruwan yake, amma daga inda yake tsaye ba a ganin ko ta waiwaya.

Ya zauna har ƙarshen Satumba, don ya yi wa Ilona alkawari kuma babu inda ake jiransa. A watan Agusta wuri ya samu a gidan tsofaffin, wata ta rasu, Glenys ta shiga ɗakinta. Tukunyar ta iso a sati na takwas. Ya ɗaura ta cikin awa biyu, ya naɗe bututun duka da soso, ya zaro littafin daga ƙarƙashin tebur ya karanta shi tun daga bango har bango, duk da ruwa ya manne rabin shafukan. Bai sake maƙale bawul ɗin ba, bai kuma yarda ya kwana da wuta ba. Kullum da safe yakan gangara da bokiti biyu ya ɗebo ruwan da zai ɗumama wa mutum ɗaya da bai damu da wanka ba. Ilona ta ce wa mutanen gari tsohon ya koyi darasi, sai dai rabinsa.

A watan Oktoba ya sauko Canberra. Motar ta fi ƙofar gidan tsofaffin tsayi, don haka ya ajiye ta a wani sansani a bayan gari ya hau bas biyu. Ya same ta a falo kusa da taga, cikin rigar da bai sani ba, an yi mata aski. Tarin ya tafi. Hannuwanta suna buɗe a kan cinya. Ta gabatar da shi ga wata tsohuwa da ke kusa da ita a matsayin mijinta, mai aikin famfo.

Ya zauna a bakin kujera da hularsa a gwiwa ya ba ta rahoto. Sabuwar tukunyar tana yin zafi cikin kwata ɗin awa. Ya canza katakon ƙasa, ya sayi katifa. In ta shirya, sai su yi arewa, can wajen Cairns, inda bawul ɗin ba zai taɓa samun dalilin buɗewa ba. Ya ce ya yi magana da wani sansani a bakin teku, suna da wuri daga Nuwamba. Ta saurare shi har ƙarshe, tana gyaɗa kai a inda ya kamata.

"Ka kyauta," in ji ta. "Mu a nan ko yaushe ka buɗe famfo ruwan zafi yana zuwa. Kuma ba sai na duba fuskar kowa da safe ba kafin in san ko zan yi wanka."

Ya juya hular. Ta tambaye shi ko zai tsaya cin abincin yamma, ta ce ana yarda baƙi su ci, sai dai a gaya wa masu kicin kafin ƙarfe uku. Ya ce zai tsaya. Ya waiwaya ya nemi agogo, ya gan shi a bangon da take fuskanta tun zuwansa. Uku ta wuce da minti goma.